Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Bukukuwan Oscar Da Emmy: Ku Daina Korar Mai Kuka Da Kiɗa

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina miƙa muku girmamawar da ta dace da ƙungiyoyin da suka daɗe suna karrama ma'abota wannan sana'a, Oscar na fina-finai tun 1929, Emmy na shirye-shiryen talabijin tun 1949. Ni mai tace fim ne, wato mai yanke hotunan da aka ɗauka yana haɗa su, irin mutanen nan da sunansu ke fitowa a ƙarshen fim bayan 'yan kallo sun riga sun miƙe. Ba ni da kujera a cikinku, ba ni da ƙuri'a. Na ɗauki alƙalami ne a madadin ma'aikatan bayan fage, masu tace hoto da masu haɗa sauti da masu kwalliya da masu ɗinka sutura da masu siddabarun kwamfuta, da kuma a madadin dubban masu kallo a sassan duniya da ke hana idanunsu barci don su ga daren da za a kira sunan wanda suke so.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne abin da aka yi a bikin Emmy na ranar 14 ga Satumba, 2025. Mai gabatar da bikin, ɗan barkwanci Nate Bargatze, ya fito ya sanar da cewa ya ware dala 100,000 ga wata ƙungiyar kula da yara ta Amurka, amma da sharaɗi. Duk wanda jawabin godiyarsa ya haura sakan 45, za a zabtare dala 1,000 daga kuɗin a kan kowane sakan da ya ƙara, wanda ya gajarta kuma a ƙara wa yaran. Sai ga mutum ya hau dandamali, kambu a hannu, murya na rawa, yana neman kalmar da zai gode wa iyayensa da ita, ga kuma lissafin kuɗin yara yana zubewa a allon talabijin kusa da fuskarsa. A wannan daren ne Tramell Tillman ya zama baƙar fata na farko da ya lashe kambun mataimakin jarumi a rukunin wasan kwaikwayo mai dogon zango, mahaifiyarsa na zaune a cikin zauren tana kallonsa. A daren ne yaro ɗan shekara 15, Owen Cooper, ya karɓi tasa lambar. Duk a ƙarƙashin wannan barazana suka yi magana. Da aka zo tashi lissafin ya nutse ƙasa da sifili, sai aka ce tashar CBS ta ba da dala 100,000, Bargatze ya ba da 250,000. Madalla da wannan alheri. Amma ashe ana iya ba yaran kuɗinsu tun farko ba tare da an rataya alhakinsu a wuyan wanda farin ciki ya shaƙe ba.

Ƙorafina na farko a kan sakan 45 ɗin nan ne da kansa. Wanda ya yanke wannan adadi ya auna shi ne da mutumin da ya natsu, ya riƙe takarda, ya karanta ya sauka. Mai kuka ba haka yake ba. Duk wanda kuka ya taɓa tokare masa maƙogwaro a gaban jama'a ya san yadda abin yake: kalmar tana nan a baki amma ta ƙi fita, sai ka tsaya ka haɗiye, ka ja numfashi, ka sake gwadawa, wani lokaci ta sake karyewa a tsakiya. Kafin mutum ya dawo cikin hayyacinsa rabin lokacin ya tafi, ga allo a can ƙarshen zaure yana ƙirga masa abin da ya rage, ga makaɗa sun ɗaga kayan kiɗa suna jira. Daidai lokacin da ya samu bakin faɗin abin da ya kawo hawayen, daidai nan kiɗa ke tashi.

Kuma ku kun fi kowa sanin abin da ke bayan waɗannan hawaye, domin tarihin ƙungiyoyinku ne. A watan Fabrairun 1940 Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta lashe Oscar, a otal ɗin Ambassador da ke Los Angeles, otal ɗin da ba ya karɓar baƙaƙen fata, sai da aka roƙa mata alfarma aka bar ta ta shiga. An zaunar da ita a wani ƙaramin tebur a gefen bango, nesa da abokan aikinta. Ta yi jawabinta ta sauka tana share hawaye da hankici. Shekara 62 bayan haka, a 2002, Halle Berry ta zama baƙar fata ta farko da ta lashe kambun babbar jaruma. Ta hau tana kuka har jikinta na karkarwa, ta jero sunayen matan da suka riga ta ba su samu ba, irin su Dorothy Dandridge da Lena Horne da Diahann Carroll. Da ta ga ana neman katse ta sai ta tunatar da zauren cewa shekara 74 aka yi ana jiran wannan rana, don haka a bar ta ta gama. An kuma shafe fiye da shekara ashirin bayan nan ba a sake ba wata baƙar fata wannan kambu ba. Ina so wani daga cikinku ya faɗa mini wace jimla ce a jawabin nan ta cancanci a binne ta da kiɗa.

Ku dubi Ke Huy Quan, wanda ya lashe Oscar a 2023. Ya bar Biyetnam yana ƙaramin yaro, ya yi shekara guda a sansanin 'yan gudun hijira a Hong Kong, ya yi fice yana yaro a fina-finan 1984 da 1985, daga nan aiki ya ƙafe masa saboda ba a rubuta wa masu irin fuskarsa rawar kirki. Ya koma bayan kyamara yana tsara faɗa yana taimaka wa daraktoci kusan shekara ashirin. Shi da bakinsa ya faɗa cewa har inshorar lafiyarsa ya rasa lokacin annobar korona saboda rashin aiki. Ya hau yana kuka kamar yaro, yana kiran mahaifiyarsa mai shekara 84 da ke gida tana kallo. Ku dubi Troy Kotsur a 2022, kurma na farko namiji da ya lashe Oscar a wasan kwaikwayo. Sai da wadda ta miƙa masa lambar, Youn Yuh-jung, ta sake karɓa ta riƙe masa don hannayensa su samu damar magana. Ya ba da labarin mahaifinsa, wanda ya fi kowa iya maganar hannu a gidansu, har hatsarin mota ya shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa, ya kasa sake yi wa ɗansa magana da hannu. Tafintan da ke fassara wa zauren shi ma muryarsa ta karye.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Thomas Vinterberg, daraktan nan ɗan ƙasar Denmak, a 2021. Kwana huɗu da fara ɗaukar fim ɗin da ya ba shi lambar, 'yarsa Ida mai shekara 19 ta rasu a hatsarin mota a kan babbar hanya, wani direba da hankalinsa ke kan waya ya afka wa motar da take ciki. Da ita aka tsara za a yi fim ɗin. Ya fara jawabinsa da raha da godiya ga abokan aiki kamar kowa, sai can wajen ƙarshe ya iya kawo zancenta, yana haɗiye kuka. A shekarar masu shirya Oscar sun ajiye kiɗan kora, shi ya sa duniya ta ji wannan magana. Da a shekarar da ta gabata ko wadda ta biyo baya ce, da an sallame shi tun bai kai ga sunan 'yarsa ba. Mutum ba ya buɗe baki ya fara da abin da ya fi yi masa ciwo, sai ya kewaya ya tattaro ƙarfin hali tukuna, dokarku kuma ƙarshen magana take yankewa.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ɗaci, domin dokar ba kowa take hawa ba. A 2001 Julia Roberts ta leƙa wajen makaɗa ta ce wa madugunsu ya ajiye sandarsa ya zauna, ya kuwa zauna, ta yi maganarta son ranta. A 2025 Adrien Brody ya ce a kashe kiɗan, aka kashe, ya yi fiye da minti biyar da rabi, har ya zarce tarihin da Greer Garson ta kafa tun 1943. Ban ga laifinsu ba, ranarsu ce. Abin tambaya shi ne wa ake yi wa biyayya idan ya ce a dakata, wa kuma ake kashe wa makirufo.

A 2013 Bill Westenhofer ya hau karɓar lambar siddabarun kwamfuta. 'Yan kwanaki kafin nan kamfanin Rhythm & Hues, wanda ma'aikatansa suka yi aikin da ake karramawa, ya garzaya kotu ya bayyana karayar jarinsa, an sallami ma'aikata da yawa, ɗaruruwan masu wannan sana'a kuma suna zanga-zanga a kan titi kusa da zauren. Yana fara ambaton halin da kamfanin ke ciki aka ƙara ƙarfin kiɗa, kiɗan ma na wani tsohon fim na kifi mai cin mutane, don a ba zaure dariya, sannan aka kashe masa makirufo. A 2008 Markéta Irglová, yarinya 'yar shekara 19 daga ƙasar Cek, ta matso za ta yi magana bayan abokin waƙarta ya gama, kiɗa ya rufe ta ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Sai da mai gabatarwa Jon Stewart ya ga abin bai dace ba, ya dawo da ita bayan an dawo daga talla. A 2020, daren da fim ɗin Koriya ta Kudu ya zama na farko da ba da Ingilishi aka yi shi ba da ya lashe babban kambu, aka rage fitilun dandamali tun mutanen ba su gama ba, har sai da manyan taurarin sahun gaba, cikinsu da Tom Hanks da Charlize Theron, suka yi ta ɗaga hannu suna kiran a maido da haske. A 2023 furodusa Guneet Monga daga Indiya ta tsaya da takardarta a hannu bayan daraktar fim ɗinsu ta gama, aka kore ta da kiɗa, alhali mutum biyu 'yan Birtaniya da suka biyo bayansu kowannensu ya samu ya yi magana. A 2024 Takashi Yamazaki na Japan yana tsaka da kokawa da takardar da ya rubuta da Ingilishi, harshen da ba nasa ba, kiɗa ya fara tashi a bayansa.

Ku jera waɗannan sunaye ku duba da kyau. Ma'aikacin bayan fage, mace ta biyu a layi, baƙo mai magana da tafinta. Mutanen da wataƙila sau ɗaya tak za su taka wannan dandamali a rayuwarsu, waɗanda gobe babu gidan talabijin da zai gayyace su hira su ƙarasa abin da aka katse. Tauraro yana da wurare ɗari da zai faɗi abin da ke ransa. Mai haɗa sauti ba shi da kowane wuri sai wannan sakan 45, wanda sau da yawa ma rabawa yake da mutum uku ko huɗu. Irglová ta dace da mai gabatarwa mai tausayi, 'yan Koriya sun dace da taurari masu kunya. Mutuncin wanda kuka kira da kanku don ku karrama bai kamata ya dogara da sa'a irin wannan ba.

Na uku, abin bai tsaya ga kiɗa ba, har ƙoƙarin kawar da mu daga idon jama'a an sha yi. A bikin Oscar na 2005 an miƙa wa wasu lambobinsu a tsakanin kujeru, ba a ma bari sun hau dandamali ba. A 2019 aka sanar cewa rukuni huɗu, ciki har da ɗaukar hoto da tace fim, za a ba da su ne lokacin da tasha ta tafi talla. Fim ba tare da ɗaukar hoto da tacewa ba, me ya rage? Sai da daraktoci irin su Martin Scorsese da Spike Lee da Alfonso Cuarón suka yi ca, aka janye cikin 'yan kwanaki. A 2022 aka dawo da abin ta wata ƙofa: rukuni 8 daga cikin 23 aka ba da su kafin a fara watsa biki kai tsaye, yayin da taurari ke can waje ana ɗaukarsu hoto, sannan aka datse jawaban aka cusa su cikin shirin. Wani gogaggen mai haɗa sauti da ya taɓa lashe Oscar, Tom Fleischman, ya ajiye katinsa na zama ɗan ƙungiya saboda wannan. An ce don a rage tsawon biki aka yi, sai ga bikin ya kai awa uku da minti arba'in, ya fi na shekarar da ta gabace shi tsawo. Na yaba da aka maido da dukkan rukunan a 2023, sai dai babu wata rubutacciyar doka da muka gani da ta hana a sake.

Ni sana'ata ke nan, na san abin da ake cirewa idan aka ce a datse jawabi. Shirun ake fara cirewa, wato inda mutum ya tsaya ya haɗiye, inda ya kalli sama, inda ya kasa. Ana barin sunayen kamfanoni saboda su ne ke da lauyoyi.

Ƙananan bukukuwa kuma ku suke kwaikwayo, har da kurakuranku. Na taɓa zama a wani ƙaramin bikin karrama 'yan fim inda wani abokin aikina mai ɗaukar sauti ya ci lamba. Mutum ne da ya shafe ƙuruciyarsa riƙe da doguwar sandar makirufo sama da kan jarumai har kafaɗarsa ta samu matsala. Wanda ya koya masa aikin ya rasu ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin. Na ga takardar da ya rubuta, layi biyar ce, sunan maigidan nasa ne a layi na ƙarshe. Ya hau ya gode wa furodusa da darakta, ya kai layi na huɗu sai murya ta ƙi, ya tsaya yana murza takardar a hannu. Mai kula da kiɗa ya ɗauka ya gama, ko kuwa ya ga lokaci ya cika, ya saki kiɗa, wata budurwa ta kama gwiwar hannunsa ta nuna masa matakala. Iyalan mamacin suna zaune a zauren, shi ya gayyato su. Da na tambayi ɗaya daga masu shirya bikin dalili, amsar da ya ba ni ita ce haka ake yi a manyan bukukuwan duniya.

Na huɗu, kuma nan ne nake ganin akwai rashin adalci tsantsa: hawayen da kuke kora su ne hajar da kuke sayarwa. Duk shekara idan za a tallata biki mai zuwa, fuskar Halle Berry ce da ta Ke Huy Quan ake nunawa, ba barkwancin mai gabatarwa ba. Washegarin biki guntayen bidiyon da ke yawo a YouTube da Instagram na masu kuka ne. Kyamara takan matso har sai ta cika allo da idon mutum, ta juya ta nemo matarsa ko mahaifiyarsa a cikin zaure ko ita ma ta fara. A 2021 har tsarin biki aka sauya, aka ɗauke kambun fim mafi fice daga ƙarshe inda ya saba zama, aka rufe da na babban jarumi. Kowa ya san abin da ake hange: Chadwick Boseman, wanda ke cikin masu takarar wannan kambu, ya rasu a watan Agustan 2020, matarsa ta riga ta yi jawabi mai sa kuka a bikin Golden Globe, ana sa ran a rufe dare da irinsa. Da aka buɗe ambulan sai sunan Anthony Hopkins ya fito, dattijo mai shekara 83 da ke can Wales bai halarta ba, biki ya mutu tsit. Wato idan hawaye za su kawo 'yan kallo a shirya musu wuri na musamman, idan kuma na mai kwalliya ne a kunna kiɗa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Haɗe da wannan akwai mayar da abin wasa. A 2018 mai gabatar da Oscar Jimmy Kimmel ya sa babur ɗin ruwa a matsayin tukuicin wanda ya fi kowa gajarta magana, mai ɗinka sutura Mark Bridges ya cinye da sakan 36. A bikin Emmy na Janairun 2024 mahaifiyar mai gabatarwa Anthony Anderson aka ɗora wa aikin miƙewa daga kujerarta ta katse masu jawabi. An yi dariya, ni ma wani wajen na murmusa. Amma saƙon da ke isa ga mai kallo shi ne godiya abin gundura ce, mai kuka kuma abin zolaya ne, kuma mata ne suka fi shan wannan zolaya. Gwyneth Paltrow tana da shekara 26 ta yi kuka a jawabinta na Oscar na 1999, jaridu musamman na Birtaniya suka yi mata tatas, aka shekara da shekaru ana kwaikwayonta. Mahaifinta da ke zaune a zauren a lokacin yana fama da ciwon daji, ya kuma rasu a 2002. Ba ku kuka rubuta waɗannan jaridu ba, gaskiya ne, amma mai gida ne ke nuna wa baƙi yadda za su ɗauki abin da ke faruwa a gidansa.

Na san hujjojinku, kuma ba na raina su. Lokacin talabijin kuɗi ne, tallar sakan 30 a daren Oscar takan kai kimanin dala miliyan biyu. Masu kallo a Amurka sun ragu daga fiye da miliyan 55 a 1998 zuwa kusan miliyan 20 a 'yan shekarun nan. Za ku ce a 2021 da aka bar kowa ya yi magana ne aka samu mafi ƙarancin masu kallo, wajen miliyan 10. Haka ne, sai dai shekarar annoba ce, gidajen sinima a rufe suke, yawancin mutane ba su ga fina-finan da ke takara ba, kuma duk bukukuwan shekarar haka suka faɗi. Za ku kuma ce wasu jawaban jerin sunayen wakilai da lauyoyi ne kawai, wasu hawayen kuma na sana'a ne tunda masu yin su 'yan wasa ne. Na yarda akwai masu gundura, na kuma yarda akwai wanda ya gwada kukansa a gaban madubi. Amma mai kukan ƙarya ya iya lissafi, zai gama cikin sakan 40 ya sauka da murmushi. Wanda dokarku ke kamawa shi ne wanda abin ya fi ƙarfinsa da gaske. Idan kuma lokaci ake nema, a duba mintocin da ke tafiya a dogon barkwancin buɗe taro, da wasannin cike gurbi, da tallan fina-finan kamfanin da ya mallaki tashar.

Ga abin da muke roƙo, da girmamawa.

Ku soke kiɗan kora da kashe makirufo da rage fitila gaba ɗaya. Idan dole ne a tunatar da mutum lokaci, allon da shi kaɗai yake gani ya wadatar, in ya wuce gona da iri mai gabatarwa ya matso cikin ladabi ya tsaya kusa da shi. Ku mayar da lokacin ya zama na kowane mutum, ba na kowane rukuni ba, ta yadda idan mutum uku suka ci lamba ɗaya kowannensu zai samu rabonsa ko da kaɗan ne. Wanda zai yi magana ta bakin tafinta, ko da maganar hannu, ko da harshen da ba nasa ba, a ninka masa lokaci, domin kowace jimla tasa sau biyu ake faɗinta. Idan kuka ya ci ƙarfin mutum ya yi shiru, a tsayar da agogo har ya dawo. Wannan ba ya buƙatar komai sai mutum ɗaya mai hankali a ɗakin sarrafa shiri.

Duk dokar da kuka tsayar, ku buga ta a fili kafin biki, ta hau kan babban jarumi kamar yadda ta hau kan mai gajeren fim. In za a yi wa Brody haƙurin minti biyar, a yi wa Monga na minti ɗaya. Ku rubuta a kundin dokokinku cewa dukkan rukunai kai tsaye za a ba da su, a kan dandamali ɗaya, a gaban cikakken zaure, don kada wani furodusa ya zo gobe ya sake gwada abin da aka yi a 2019 da 2022. Ku dawo da dabarar 2016, wadda aka riƙa nuna sunayen waɗanda ake gode wa a ƙasan allo, domin ta sauke wa mai jawabi nauyin jero sunaye ta bar masa sarari ya faɗi abin da ke zuciyarsa. Ku hana duk wani wasa da zai sa tukuici ko tara ko sadakar wasu a kan tsawon godiyar mutum. Ku ja kunnen masu kyamara su ba mai kuka ɗan tazara, su kuma nemi izinin iyalan mamaci kafin a haska fuskokinsu. Wanda aka katse bisa kuskure, a dawo da shi a daren ya ƙarasa, ya zama haƙƙinsa ne a rubuce.

Dama tana gabanku. Bikin ƙungiyar 'yan wasan Amurka ya koma Netflix tun 2024 ba tare da hutun talla ba, kuma an ga ana iya yi. Oscar ma an sanar cewa daga 2029 a YouTube za a riƙa watsa shi, inda babu labaran dare da ke jiran a tashi. Muna roƙon ku zauna da wakilan ma'aikatan bayan fage, ku fitar da sabuwar doka a rubuce kafin biki mai zuwa, ku kuma sanar da jama'a abin da kuka yanke.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa. Allah ya ƙara girma.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai tace fim, a madadin ma'aikatan bayan fage da masu kallo.